A Jikin Wa A Ke Koyo?

 Maganar da ta tara mu yau ita ce ta yadda a ke koya wa yaranmu aikin asibiti. Kada wani ya ce ina ruwan mai sayar da tumatir da wannan zance. Da ruwansa ƙwarai. Mai hali in ciwo ya kama shi sai ya nemi babban likita, ko ya hau jirgi zuwa Masar ko Indiya. Amma talaka babban ɗaki a kan kwantar da shi, kuma sau da yawa hannun da zai fara taɓa shi na ɗalibi ne. Watau a jikinmu a ke koyo.

A wannan ƙetaren kogi akwai makarantar koyon jinya a asibitin St. Gerard na Kakuri, akwai kuma ta jinyar masu taɓin hankali a asibitin Gwamnatin Tarayya na Barnawa. In kun haye gada ga asibitin Barau Dikko, inda ɗaliban Jami'ar Jihar Kaduna su ke koyon aikin likita. Ba mu ƙi wannan ba, gama da koyo a kan iya, kuma ko wane babban likita ya taɓa riƙe allura hannunsa yana rawa. Abin tambaya shi ne, ta yaya a ke koya musu?

Mun taɓa jinyar wata tsohuwarmu a wani asibiti. Aka aiko wata yarinya ita kaɗai ta sa mata ruwa. Sau uku tana soka allura ba ta sami jijiya ba, tsohuwa tana kuka, ita ma idonta ya kawo ƙwalla. Can sai babbar ta zo, ta balbale ta da faɗa a gaban majinyata, ta karɓe allurar ta sa, ta juya ta tafi. Tsohuwa ta sha wuya, yarinya ta sha kunya, kuma ba a koya mata kome ba. Gobe a hannun wani za ta maimaita.

To, masana sun daɗe da binciken yadda mutum ya ke koyon aikin hannu, kuma abin da suka gano ba baƙo ba ne gare ku. Wata malama Ba'amurkiya, Jean Lave, ta zauna da teloli a Laberiya cikin shekarun 1970. Ta ga ba a ba sabon yaro almakashi. Da guga ya ke farawa, da sa maɓalli da kalmasa, sa'an nan ɗinki, yanka kuwa sai a ƙarshe, domin kuskuren yanka shi ne mai jawo hasarar yadi. A 1991 ita da Etienne Wenger suka fitar da littafi a kan haka, yanzu kuwa malaman likitoci suna aiki da shi. Ashe in tela bai yarda yaro ya ɓata masa shadda ba, ina dalilin sakar wa sabon ɗalibi jijiyar mutum?

A 1990 wani likita a Amurka, George Miller, ya ce iya aiki hawa huɗu ne. Na farko ɗalibi ya san abin. Na biyu ya san yadda a ke yi. Na uku ya nuna ya iya a gaban malami. Na huɗu ya riƙa yi daidai ko da ba mai kallonsa. Jarrabawar takarda hawa biyu na ƙasa kaɗai ta ke iya aunawa. Ku ma kun sani, yaron da ya haddace farashin kaya dabam, wanda a ke bar wa shago dabam.

Sa'an nan a 1998 wani likitan fiɗa, Rodney Peyton, ya tsara hanya mai mataki huɗu. Malami ya yi aikin ɗalibi yana kallo. Ya sake yi a hankali yana bayani. Ya yi na uku, amma ɗalibi ne ke faɗa masa abin da zai yi. Sai a na huɗu ɗalibi ya sa hannu, yana faɗin abin da ya ke yi, malami yana tsaye. Da an bi wannan hanya, kuma an fara a kan hannun roba, da tsohuwarmu ba ta sha suka uku ba.

Mun sani manyan ma'aikata suna da uzuri. Da yawa daga cikin ƙwararru sun tafi Ingila da Saudiyya, waɗanda suka rage kuwa majinyata sun yi musu yawa. Amma ba wanda ya zama malami don kawai ya daɗe a bakin aiki. Koyarwa ita ma sana'a ce, sai an koye ta.

Sabo da haka muna kira ga shugabannin asibitoci da makarantu da abu uku. A koya wa manyan nas da likitoci yadda a ke koyarwa, a kuma ware musu lokacinta cikin aikinsu. Kada ɗalibi ya yi aikin da bai taɓa yi ba sai babba yana tsaye kusa. In ya yi kuskure a ja shi gefe, a tambaye shi abin da ya gani, a nuna masa gyara, gama tsawa ba ta koya wa yaro kome sai ɓoye laifi.

Mu ma akwai namu. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta fitar da takardar haƙƙin majinyata, wadda ta ce a yi wa mutum bayani da harshen da ya ke ji, kuma yana da ikon ya ce bai yarda ba. To, in an zo kanka, tambayi cikin ladabi: “Malama, ɗaliba ce ke? Wa ke duba aikinki?” In babba yana nan, ka miƙa hannu da zuciya ɗaya, domin yarinyar nan 'yarmu ce, ita za ta karɓi haihuwar jikokinmu. In ba ya nan, ka ce a kira shi. Wannan ba raini ba ne, kāriya ce gare ka da ita baki ɗaya.

Ku kai wannan magana kasuwa da gida. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.