Tsakanin Ƙofar Makaranta da Ƙofar Gida: Malami da Ruwan Damina a Birnin Kano

Jawabin da wani malamin labarin ƙasa, ɗan wannan reshe, ya gabatar a taronmu na gabanin damina. Mun buga shi domin waɗanda ba su sami halarta ba, da kuma iyalanmu.



An nemi in yi magana a kan ambaliya da yadda take dagula zirga-zirga da zaman yau da kullum a birninmu. Zan fara da wani kuskure da na yi da hannuna, domin shi ya koya mini abin da shekarun karantar da labarin ƙasa ba su koya mini ba.

Shekarun baya, a ƙarshen watan Yuli, muna tsakiyar jarrabawar zango na uku, hadari ya taso daga gabas bayan azahar. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ya yi kusan awa guda. Lokacin tashi ya yi ana cikin ruwa, saboda haka muka riƙe yara a azuzuwa. Ni ke kula da tashin ɗalibai a wannan makon, kuma da na ga ruwan ya ɗauke, sama ta fara washewa, sai na sa aka buga ƙararrawa. Ba a yi minti ashirin ba muka ji ihu daga bakin titi. Wani yaro ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare yana tafe a gefen hanya, inda ruwa ya shafe titi da lambatu ya mai da su abu guda, ya taka wurin da murfin siminti ya ɓalle, ya faɗa. Wani mai faci da ke fake a rumfarsa shi ya cafko shi da igiyar jakarsa, dab da bakin kwalbati. Takalmansa suka wuce, Allah ya sa shi bai wuce ba.

Washegari mahaifiyarsa ta zo makaranta. Ba ta yi faɗa ba. Ta gaishe ni, sa'an nan ta ce, "Malam, da kuka sake su, kun san abin da ke kan hanya?" Na rasa amsa. Na duba sama na ga ruwa ya ɗauke, amma ban duba ƙasa ba.

Abin da nake so mu tafi gida da shi yau ke nan: a cikin birni, ɗaukewar ruwan sama ba ita ce ƙarshen haɗari ba. Ruwan da ya sauka a kan rufin gidaje da tituna na unguwannin tudu yana buƙatar lokaci kafin ya gangaro ya taru a kwari. Shi ya sa sau da yawa magudana ke kai maƙurar cikarta bayan sama ta yi shiru, wato daidai lokacin da kowa ke fitowa daga mafaka yana gaggawar kama hanya.

Bari mu yi lissafin da kowane malamin firamare zai iya yi a allo. Ruwan sama na milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Idan aka yi ruwa mai milimita 50 a kan rufin kwano mai murabba'in mita 100, indararo zai zubo da lita 5,000, wato duro 25 na lita 200, daga gida ɗaya tak. A kan kadada ɗaya kuwa, lita 500,000 ne. A gona, ƙasa kan shanye kaso mai yawa na wannan ruwa. A unguwar da aka malale da kwalta da siminti, aka shafe tsakar gida da daɓe, kusan duka sai ya bi titi yana neman inda zai je.

A da yana da inda zai je. Iyayenmu da ke zaune a nan sun san kududdufan cikin birni, waɗanda suka samo asali daga haƙar ƙasar da aka gina gidaje da ganuwa. Su ne ke karɓar rarar ruwan damina su riƙe, ya riƙa tsiyaya a hankali zuwa ƙarƙashin ƙasa, rijiyoyi su amfana. Da yawansu an cike su da shara da ƙasa an yi gini a kai. Kogin Jakara, wanda ke ratsa tsohon birni ta wajen Kasuwar Kurmi ya nufi arewa maso gabas, da rafin Getsi da ke haɗuwa da shi, su ke kwashe ruwan wani babban sashe na birnin, kuma duk mun san yawan leda da robar da muke ɗora musu. Ruwa kuwa ba ya duba takardar fili. Inda ya saba kwanciya can zai koma, ko da an ɗora bene a wurin. 'Yan kasuwar Kantin Kwari sun ga haka a daminar 2022, lokacin da ruwa ya shiga shaguna ya lalata atamfofi da yaduka masu ɗimbin yawa.

Akwai kuma ambaliyar da ta fi ƙarfin kwata da lambatu. Manyanmu suna tuna ɓallewar madatsar ruwa ta Bagauda a watan Agustan 1988. Kwanan baya kuma, a daren 9 wayewar garin 10 ga Satumban 2024, madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri mutane na barci. Ya mamaye Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa na jami'a, ya raba sassan birnin da juna, har aka koma kwashe mutane da kwalekwale da manyan motocin soja. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu, makarantu da dama suka zama sansanin waɗanda ruwa ya kora. Shekara 30 kafin nan, a 1994, wannan madatsar ta taɓa yi wa birnin irin wannan ɓarna. A wannan daminar ta 2024, gwamnatin Jamhuriyar Nijar ta ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, saboda azuzuwa sun lalace, wasu kuma masu neman mafaka ne a ciki. Na kawo waɗannan ne domin mu lura cewa duk inda ruwa ya ci gari, makaranta na cikin waɗanda ke fara biya, ko dai ta rushe ko ta zama masauki. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Sai dai ambaliyar da ta fi yawan taɓa mu ita ce ƙaramar nan wadda ba ta shiga labaran rediyo. Ita ce ta safiyar da malama za ta tsaya a bakin titi da goyo, 'yan adaidaita sahu sun ƙi shiga unguwarsu, wanda ya yarda kuma ya ninka kuɗin mota. Ita ce ta malamin da babur ɗinsa ya sha ruwa a shataletale, ya tura shi har wurin bakanike, ya iso makaranta a jiƙe ya tarar an ja layi a littafin sa hannu. Ita ce ta ajin da rabin ɗalibansa ba su zo ba, waɗanda suka zo kuma littattafansu sun zama dusa. Darasin farko da na biyu sukan tafi a irin wannan rana, kuma idan aka tara su a damina guda, makonni ne na karatu suka salwanta ba wanda ya rubuta su a ko'ina.

To, me ke hannunmu? Gina manyan magudanai da hana gini a kan hanyar ruwa aikin hukuma ne, kuma ya dace mu ci gaba da tunatar da ita. Amma akwai abubuwan da ba sa jiran kasafin kuɗi.

Na farko, kowace makaranta ta zauna da iyayen yara tun kafin ruwa ya kankama, a yi yarjejeniya a fili cewa ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ba za a saki yara da zarar ya ɗauke ba. Za a jira, a tura babban mutum ya duba hanya ya dawo, sa'an nan a buga ƙararrawa. Uwar da ta san wannan ƙa'ida ba za ta tayar da hankalinta ba idan ɗanta ya yi jinkirin awa guda, ba kuma za ta aiko yayansa ya ratsa ruwa ya zo ɗaukarsa ba. 'Yan'uwanmu da ke karantarwa a Islamiyya da yamma su fi kowa riƙe wannan, domin hadarin la'asar a kansu yake ƙarewa, ga kuma duhu na matsowa.

Na biyu, mu san hanyoyin ɗalibanmu. Bayan abin da ya faru da ni, na sa 'yan ajina kowa ya zana hanyarsa daga gida zuwa makaranta, ya sa jan alama a duk inda ruwa ke taruwa ko lambatu ba shi da murfi. Muka haɗa zanen a babban kwali muka liƙa a ofishin malamai. Yaran sun san ramukan da mu masu hawa babur ba mu taɓa lura da su ba. Da wannan taswira muka raba su rukuni rukuni bisa unguwanni, manya su riƙe ƙanana, muka kuma gane waɗanda dole su zagaya ta hanya mai nisa a ranar ruwa. Darasin zanen taswira ne da ke cikin manhaja, ba mu sayi komai ba sai kwali da alƙalami.

Na uku, mu koya musu nauyin ruwa, mu ma mu tuna wa kanmu. Ruwa mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya ya kai nauyin tan guda. Masana kiyaye haɗurra sun daɗe suna gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 30 kuma yana iya ɗaga ƙaramar mota. Abin da ya kayar da babba, yaya zai yi da ɗan aji uku? Kada a shiga ruwan da ba a ganin ƙasansa. Kada a shiga gadar ƙasa idan ruwa ya taru a cikinta, ko da motar gabanka ta wuce. A nisanci turakun wutar lantarki da wayar da ta faɗo, kada kuma a fake a jikin katangar ƙasa da ta jiƙa. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ya kamata kowane ɗalibi ya haddace ta.

Na huɗu, ina roƙon shugabannin reshe su tattauna da shugabannin makarantu da ofishin ilimi a kan makara a ranar ruwa. Malamin da ya san za a ja masa layi zai jefa babur ɗinsa cikin ruwan da hankalinsa ke gaya masa kada ya shiga. A samu fahimta a rubuce, cewa wanda ya kira ya sanar ruwa ya tare shi ba za a ɗauke shi mai sakaci da aiki ba, kuma a tsara yadda za a rama darussan da aka rasa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na biyar ya shafi gidajenmu, kuma a nan ina magana da matanmu da mazajenmu da za su karanta wannan jawabi. Takardar ɗaukar aiki, da takardun shaidar karatu, da na haihuwar yara, da na fili, a sa su a leda mai kauri a ɗora a wuri mai tsayi da kowa a gidan ya sani, a kuma ɗauki hotonsu a waya. A makaranta ma, rajista da takardun sakamakon jarrabawa su bar ƙasan kabad. Idan ruwa ya fara shigowa ɗaki, a kashe wutar gidan daga babban makunni kafin a fara kwashe kaya. Bayan ya janye, a ɗauka cewa ya haɗa masai da rijiya, domin a nan amai da gudawa ke samun ƙofa. A tafasa ruwan sha. Idan gudawa ta kama yaro, a haɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ba tare da tozo ba, a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi ana kan hanyar asibiti. Gidan sauro kuma ya sauko daga inda aka rataye shi, domin ruwan da ya kwanta makonni kaɗan ke tsakaninsa da zazzaɓin cizon sauro.

A ƙarshe, mu riƙa sauraron gargaɗi. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana bayyana jihohi da ƙananan hukumomin da ake fargabar ambaliya a cikinsu, kuma gidajen rediyonmu suna kawo su da Hausa. A naɗa malami ɗaya a kowace makaranta ya riƙa bibiya yana sanar da sauran. Ranar tsabtar muhalli ta ƙarshen wata kuma, mu fito da matasan unguwa a yashe lambatun gaban makaranta, a kuma kwashe abin da aka yaso, domin tulin da aka bari a bakin kwata ruwan farko ke mai da shi ciki. Yara kuwa mu bar su da tsintar leda a harabar makaranta, kada a sa su shiga kwata.

Yaron nan ya gama makarantarmu lafiya, kuma har yau idan na bi ta wurin mai facin nakan tsaya mu gaisa. Murfin lambatun, iyayen yara da malamai muka yi karo-karo aka zuba sabo a cikin makon. Ina roƙon kowannenmu, kafin ruwan farko na bana, ya taka da ƙafa daga ƙofar makarantarsa zuwa babban titi, ya duba abin da ke ƙasa, ya zo ya gaya wa shugaban makarantarsa abin da ya gani.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu da 'ya'yanmu da ɗalibanmu.