Tanderun Gashi a Hannun Mai Gyaran Lantarki

Tun zamanin da, maƙeran farfaru sun san cewa gwanintar liƙi tana ga sanin gwargwadon wuta. Wannan ilimi bai tsufa ba. Allon lantarkin da ke cikin rediyo ko wayar hannu a yau ɗauke yake da 'yan kayayyaki waɗanda wasunsu ba su kai ƙwayar gero ba, har ƙarfen liƙi ba ya iya bin su ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka sai a shafa kwaɓin kuza da dalma a kan allon, a jera kayan, a gasa su gaba ɗaya. A masana'anta babban tanderu ke wannan aiki. A gida kuwa, masu ƙaramin ƙarfi sukan juya ɗan tanderun lantarki na gasa burodi.

To, amma tanderun gashi bai san ƙa'ida ba. Haɗin kuza kashi 63 da dalma kashi 37 yana narkewa a digiri 183 na Salsiyas. Wanda ba dalma a cikinsa, wato wanda ya yaɗu bayan dokar Tarayyar Turai ta fara aiki a 2006, sai wajen digiri 217. Tilas zafi ya hau a hankali, ya ɗan tsaya wajen digiri 150 don allon ya ɗumama bai ɗaya, ya haura ma'aunin narkewa na kimanin minti guda, sa'an nan ya sauka. In aka yi gaggawa kaya su tsage. In aka daɗe allo ya ƙone. Don haka akan sa wa tanderun ma'aunin zafi a ciki, da wata 'yar kwamfuta irin Arduino mai kunna wutar tana kashewa bisa lissafi.

Sharaɗi guda ne ba ya karɓar sassauci: tanderun da ya taɓa gasa dalma ya yi ban kwana da abinci har abada, kuma ba a aikin a madafa ko kusa da yara. A 2010, a Jihar Zamfara, ƙurar duwatsun zinariya masu dalma da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400. Dalma ba ta wari, ba ta gargaɗi, kuma ƙwaƙwalwar yaro take fara ci. Wanda zai shigo da sana'ar cikin gida, wajibi ne ya fara ware mata ɗaki, da taga buɗe, da ruwan wanke hannu.