Bin sawu a birni: abin da ya kamata mai shiga da kaya ya sani

 

Kai makiyayi ka san mai bin sawu. In an kore shanu da dare, shi ake kira, ya duƙa ya duba kofato, ya ce nan suka bi. To, 'yan sandan manyan birane su ma sun samu nasu masu bin sawun, sai dai na'urori ne, kuma duk a haɗe suke da ɗaki guda inda jami'ai ke zaune gaban allo dare da rana. Tunda kana kai dabbobi ko kaya birni, ya kamata ka san yadda suke aiki.

Na farko kyamara ce a bisa turke, mai karanta lambar mota. Mota na wucewa, sai ta ɗauki lambar, da lokaci, da wuri, ta aika wa kwamfuta, ita kuma ta binciko sunan wanda aka yi wa rajista. A Legas an daɗe ana haka: in takardun mota sun ƙare, saƙon tara ne zai shigo wayar mai rajistar, ba tare da kowa ya tsayar da direba ba.

Na biyu na'urar jin ƙarar bindiga. Ana kafa su a kan gine-gine da turakun lantarki. In an yi harbi, wadda ta fi kusa ita ke fara ji, sauran su biyo baya, sai kwamfuta ta auna tazarar ta nuna wurin, labari ya kai ga 'yan sanda cikin kamar minti ɗaya.

Na uku yana aljihunka: salula. Muddin tana kunne, tana gaisawa da eriyar da ke kusa, kamfani kuwa na ajiye bayanin. A Najeriya, tun watan Disamba na 2020 aka ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. A Nijar ma sai da takardar shaida ake yi wa layi rajista.

Wasu ƙasashen sun wuce nan. A Yuganda, bayan 'yan bindiga a kan babura sun kashe kakakin 'yan sanda Andrew Felix Kaweesi a watan Maris na 2017, shugaba Museveni ya sa aka baza kyamarorin kamfanin Huawei a Kampala. A ƙarshen 2023 kuma suka fara saka lambar mota mai ɗauke da na'urar bin sawu.

Abin yana da amfani, ba ma musu. Wanda aka ƙwace wa mota ko babur zai so a ce akwai idon da ya ga inda aka nufa da shi. Amma kada a ɗauka na'ura ba ta kuskure. A birnin Shikago na Amurka, ofishin babban mai binciken birnin ya duba sanarwar harbi sama da 50,000 da na'urar ShotSpotter ta aika, ya fitar da rahoto a 2021 cewa kusan tara cikin ɗari ne kaɗai aka samu shaidar laifin bindiga.  A watan Satumba na 2024 birnin ya daina amfani da ita. A Abuja kuwa, an ba kamfanin ZTE kwangilar kimanin dala miliyan 470 a 2010, wadda ta haɗa da kyamarorin tsaro, amma yawancinsu ba su yi aikin da aka sa rai ba. Na'ura tana son wuta, tana son gyara, tana son mutum mai gaskiya a bayanta.

Yanzu ga inda maganar ta shafe ka. Mai bin sawu yana ganin kofato, amma bai san wanda ya kora shanun ba. Haka na'urar nan: lamba take gani. In an yi ɓarna da mota, ko an kira neman kuɗin fansa da wani layi, ƙofar wanda sunansa ke kan rajista za a fara ƙwanƙwasawa. Mu kuwa a bakin iyaka mun saba da ciniki na amana. Ka sayar da babur a kasuwa, a yi musafaha, takardu na nan da sunanka. Yaro ya ce baba ara mini katinka in yanki layi, ka ba shi. Direba ya ce a ɗaura lambar wata mota don a wuce shinge. Da can wannan kan wuce shiru. Yau kowace tafiya tana iya zama a rubuce, da sunanka a kai.

Saboda haka, Alhaji, in ka sayar da abin hawa, a canza sunan takardu, ko aƙalla a rubuta yarjejeniya da kwanan wata da shaidu biyu, ka adana. Kada ka yanka wa kowa layi da shaidarka, ko da ɗan ɗakinka ne. In wayarka ta ɓata, ka je a rufe layin a ranar, ka sanar da 'yan sanda ko jandarma, ka karɓi takarda. Wayar hannu ta biyu mai arha da ba ka san asalinta ba, bar ta, don kowace waya na da lambarta ta daban ko an canza layi. In za ka loda shanu zuwa Kudu, rubuta lambar tirela da sunan direba, ka riƙe takardar kara da ta dillali.

In kuma an tsare ka an ce na'ura ce ta nuna ka, kada ka gudu, kada ka yi gardama a kan titi. Nemi a faɗa maka rana da wurin da ake magana, ka kira shugaban ƙungiyarku ko lauya, ka fito da takardunka. Abin da na'ura ta nuna mafarin bincike ne, hukunci na alƙali ne.

Shugabannin ƙungiyoyin makiyaya da na 'yan kasuwa, ku ma da aiki a gabanku. Ku riƙa tambayar hukuma: wa ke riƙe da bayanan nan, har tsawon wane lokaci, kuma ina mutum zai kai kuka in an yi kuskure a kansa?

Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa, ya albarkaci garke. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.