Yadda Likitoci Ke Rubuta Magani Da Kwamfuta



Kowane malamin ofis ya san ɓarnar mummunan rubutu. In an kuskure lamba a littafin haraji, gobe sai a gyara. Amma in mai ba da magani ya karanta 10 a inda likita ya nufi 1.0, watakila rai ne zai salwanta. Saboda haka waɗansu ƙasashe suka koma rubuta magani da kwamfuta. Suwidin ta gwada tun 1983, Ingila ta soma nata tsarin cikin 2005, Jihar New York ta Amurka kuwa ta mai da shi doka daga 27 ga Maris, 2016.

Ga yadda a ke yi a Ingila. Likita zai buɗe tarihin majiyyaci a kwamfuta, ya zaɓi magani daga jerin sunaye, ya sa yawansa da kwanakin sha, kana ya sa hannu da katinsa da lambarsa ta asiri. Saƙon sai ya tafi wata babbar ma'ajiya, kantin maganin da majiyyaci ya zaɓa ya ɗauko daga can. In an rubuta penisilin ga wanda jikinsa ba ya karɓarsa, ko aka haɗa asfirin da warfarin, watau abin da kan jawo zubar jini, sai na'ura ta yi gargaɗi.

To, amma kada a zaci an rabu da kuskure. Likitan da ke gaggawa ya kan taɓa sunan da ke kusa da wanda ya nufa. Gargaɗi kuma in ya yi yawa, a kan riƙa wuce shi ba a karanta ba, har ranar da na gaske zai zo. Babban abu kuwa, na'ura ba ta san kome ba sai abin da aka shigar mata.

Don haka muna roƙonku ku gargaɗi jama'a: duk wanda ya je gaban likita, ko mai alƙalami ko mai kwamfuta, ya faɗi cikakken sunansa, da dukan magungunan da ya ke sha, har na gargajiya, da wanda ya taɓa ɓata masa jiki. Abin da majiyyaci ya ɓoye, babu na'urar da za ta tono shi.

Allah ya ba mu lafiya, amin.