Mahaukaciyar Guguwar Teku da Hanyoyin Kare Gida da Iyali

Mahaukaciyar guguwar da ke addabar tsibiran Karibiyan da kudu maso gabashin Amurka tana tasowa ne a tekun Atilantika, idan ɗumin ruwansa ya kai kimanin digiri 26. Da yawa daga cikin manyanta asalinsu hadarin damina ne da ke ratsa yankin Sahel, ya fita ta gaɓar Senegal, ya yi ta ƙara ƙarfi a kan ruwa. Lokacinta daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma gudun iskarta yana farawa daga kilomita 119 a awa.

Ta rufi iska take fara cin gida. Da zarar taga ko ƙofa ta ɓalle, iska ta shiga ɗaki, sai ta tunkuɗa rufin daga ƙasa alhali ta waje tana fizgarsa daga sama. Shi ya sa bayan ɓarnar guguwar Andrew a 1992 jihar Florida ta tsananta dokokin gini. Ana ɗaure katakon rufi da bango da ƙarfe, a toshe tagogi da marfin ƙarfe ko falanki mai kauri, a sare rassan da suka rankwafo kan gida. Kujera ko tukunyar gas da aka bari a tsakar gida tana iya zama makami, don haka a shigar da kujera ciki, tukunyar gas kuwa a ɗaure ta da kyau a waje.

Sai dai ruwa ya fi iska kisa, kuma a nan ne mutane suka fi yin sakaci. Guguwa tana turo teku zuwa kan tudu, ga kuma ruwan sama mai haddasa ambaliya nesa da gaɓa. A watan Agustan 2005, lokacin guguwar Katrina, katangun tare ruwa na New Orleans sun fashe, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse. Babu ginin da ke maganin irin wannan. Idan hukuma ta ce a tashi, tashin shi ne kariya, kuma a yi shi tun hanya ba ta cushe ba, a fara da tsofaffi da marasa lafiya. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 30 ba yana iya tafiya da ƙaramar mota.

Waɗanda suka zauna su tanadi ruwan sha, kimanin lita 4 ga kowane mutum a rana, da abinci, magunguna, tocila da rediyo mai batir, su fake a ɗakin ciki mara taga. Lafawar iska ba izinin fita ba ce, domin tsakiyar guguwar shiru gare ta, kuma iskar za ta dawo ta wata fuskar.

Haɗari ba ya ƙarewa da wucewarta. Bayan guguwar Maria a 2017, wasu sassan Puerto Rico sun yi watanni babu lantarki, mutane da yawa suka rasu saboda rashin kulawar asibiti. Wayar lantarki da ta faɗi cikin ruwa tana kisa, haka ma janareta, wanda iskar gubar da yake fitarwa ba ta da wari. Wurinsa waje ne, nesa da ƙofa da taga.