Mu san halin da ɗan ciki yake ciki

 Hirarmu ta yau a kan ciki take. Mace kan je awo, ungozoma ta yi mata bayani, ta komo gida ba ta gane ba. Mu bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

Ciki yana yin wata 9, wato sati 40. Ana ƙirgawa tun daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe. Yaro yana kwance cikin mahaifa, cikin wata jikka mai ruwa. In jikkar ta tsage, shi ne mata ke cewa faya ta fashe.

Tun wata na 2 zuciyar yaro ke bugawa. Ƙarshen wata na 3 bai fi tsawon yatsa ba, amma yana da hannuwa da ƙafafu. Tsakanin wata na 4 da na 5 uwa ke fara jin motsinsa. A wata na 7 ya kai kilo 1. Ranar haifuwa yakan kai wajen kilo 3. In ciki ya zube tun yana ƙarami, ɓari ke nan. Wanda aka haifa kafin sati 37, shi ne bakwaini.

To, da mi yaro ke rayuwa a can ciki? Ba ya ci da baki, ba ya shaƙar iska da hanci. Akwai wata tsoka da ke manne a jikin mahaifa, ita ce mabiya. Igiyar cibiya ta haɗa ta da yaro. Ta nan abinci da iska ke fitowa daga jinin uwa su isa gare shi. Saboda haka duk abin da ya taɓa jinin uwa, ya taɓa ɗan ciki. Abu uku suka fi yin ɓarna.

Na 1, ƙarancin jini. Mace ta riƙa gajiya da haki, tafin hannunta da cikin idonta su yi fari. Irin wannan mace, jini kaɗan ta zubar wajen haifuwa sai ta galabaita. Maganinsa ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa a wurin awo, a sha kullum. A haɗa da wake, gujiya, tamaka, nama, hanta da ƙwai. Masu hana mai ciki abinci don kada yaro ya yi girma, cutar ta suke yi.

Na 2, masassarar cizon sauro. Ƙwayar cutar tana taruwa a cikin mabiya, ko da uwa ba ta jin zafin jiki. Sai abincin yaro ya ragu, a haife shi bai kai kilo 2 da rabi ba. Don haka daga wata na 4 ake ba mai ciki ƙwaya 3 na rigakafi, ta sha gaban ma'aikaciya. Ana maimaitawa, da wata guda tsakani, aƙalla sau 3. Kuma ta kwana cikin sange kowane dare.

Na 3, hawan jini, wanda a likita suke kira tansiyo. In awo ya nuna 14 bisa 9 ko fiye, akwai hatsari. Alamunsa su ne ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannuwa, da gani dishi-dishi. In an ƙyale, shi ke kawo jijjiga: mace ta faɗi tana makyarkyata, tana taune harshe. Wannan ba aikin iskoki ba ne. A kwantar da ita ta gefe ɗaya, kada a ɗura mata komi a baki, a kai ta likita nan take.

Ga sauran alamun da ba a kwana da su a gida: zubar jini, fashewar faya ba tare da naƙuda ba, yaro ya daina motsi, da naƙudar da ta wuce awa 12. Doguwar naƙuda ita ke jawo yoyon fitsari, sau da yawa kuma yaro ya zo ba rai.

A shekarar 2016 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau 8, na farko cikin wata 3 na fari. Mun san kunyar cikin fari, amma kada kunya ta hana ɗiyarmu zuwa awo. Iyaye mata, ku raka ta.

Magidanta, ku ma da naku aiki. Ku ɗauke wa mai ciki daka da ɗaukar ruwa mai nauyi. Tun da kaka ku ajiye kuɗin mota, ku san amalanken da za a ɗauka in dare ya yi. Ku ba da izini tun yanzu, don kada a zauna jiranku ranar da ba ku gari.

Wanda ya iya karatu, ya karanta wa maƙwabtansa wannan shafi. Allah shi sauki matanmu lafiya.