Yadda Za A Zaɓi Ƙafafun Keken Daji

Yau maganar keke za mu yi. Cikin keken ma, ƙafafunsa za mu duba, domin su ne ke ɗauke da mutum da kayansa.

Kun san kekunan nan masu giya da kaurin taya, waɗanda ake kawowa gwanjo kasuwanninmu. Turawa na kiransu keken hawan dutse. Asalinsu daga jihar Kalifoniya ta Amurka ne. A shekarun 1970 wasu samari suka riƙa gangarowa daga kan duwatsu da tsofaffin kekuna. Da suka ga kekunan na lalacewa, sai suka shiga ƙera masu ƙwari. A 1981 kamfanin Specialized ya fara yin su da yawa domin sayarwa. A 1996 aka shigar da tseren keken daji cikin wasannin Olamfik a birnin Atlanta. A can ne kuma Nijeriya ta ci zinare a ƙwallon ƙafa a wannan shekara.

Ɗan tseren daji yana hawa tudu, ya gangara kwari, ya bi ta kan duwatsu da saiwoyi. Saboda haka ƙafa mara nauyi yake nema. Ga dalili. Nauyin da ke bakin ƙafa sai ka tura shi gaba, kuma sai ka juya shi. Watau aiki biyu ke nan. Shi ya sa duk lokacin da za ka tashi, ko za ka ƙara gudu, ƙafa mai nauyi ta fi cin ƙarfinka. Ƙafafun tsere na yanzu, gaba da baya, ba tare da taya ba, ba su cika wuce kilo ɗaya da rabi ba. Da wani abu ake yin su wai shi kabon. Wasunsu sun fi sabon babur tsada. Idan kuma suka tsage, mai gyaran keke na ƙauye ba shi da yadda zai yi da su.

To, mu fa? Hanyoyinmu ma na daji ne. Akwai yashi, akwai burji, akwai ƙaya, ga taɓo da damina. Amma ɗan tsere kansa kaɗai ya ɗauka. Mu kuwa buhun masara ne a kariya, ko jarkokin ruwa, ko mara lafiya za a kai asibiti. Ƙafar da ta lanƙwashe a kan gangara tana iya karya mutum, ta kwantar da shi ana tsakar shuka. Don haka muna son rashin nauyi, amma ƙwari ne a gaba. Ga abubuwa biyar da za ku duba.

Na farko, girman ƙafa. Keken daji iri uku ne: mai inci 26, da mai 27.5, da mai 29. Babbar ƙafa ta fi haye rami da dutse cikin sauƙi, shi ya sa yawancin 'yan tsere a yau 29 suke hawa. Ƙaramar kuwa ta fi saurin tashi, kuma ta fi jure kaya. Amma ku yi hattara, lissafin inci yana ruɗar mutane. Ku duba gefen taya, za ku ga lambobi biyu, kamar 54-559. Lamba ta biyu ita ce ainihin girman gargaren. Keken daji mai inci 26, lambarsa 559. Mai 27.5, lambarsa 584. Mai 29, lambarsa 622. Dogon keken da muka gada, irin Raleigh da Phoenix, an rubuta masa 28, amma lambarsa 635. Kun ga 28 ɗin ya fi 29 girma ke nan. Akwai kuma wani 26 mai siririyar taya, lambarsa 590, ba ya shiga 559. In lamba ba ta zo ɗaya ba, taya ba za ta zauna ba, komai rantsuwar mai shago. Ku rubuta lambarku a takarda kafin ku tafi kasuwa.

Na biyu, abin da aka yi gargaren da shi. Na ƙarfe yana da araha, in ya lotsa ana iya buga shi ya miƙe. Amma yana da nauyi, yana tsatsa, kuma in ya jiƙe birki ba ya kama shi sosai. Na alminiyam ya fi shi rashin nauyi, ba ya tsatsa, birki kuma yana kama shi ko da ruwa. In kuna shakka, ku kara maganaɗisu. Yana manne wa ƙarfe, ba ya manne wa alminiyam. Cikin na alminiyam ɗin, ku nemi mai bango biyu, wanda cikinsa yake kamar bututu. Ya fi mai bango ɗaya ƙwari nesa ba kusa ba, nauyin da ya ƙaru kuma kaɗan ne.

Na uku, wayoyin ƙafa, watau sifok. Ku tsaya ku ƙidaya su. Ɗan tsere yana yarda da 24 ko 28 don rage nauyi. Mai ɗaukar kaya ya nemi 36, musamman a baya. Tsohon Raleigh 32 aka sa masa a gaba, 40 a baya, domin maƙeran sun san inda nauyi yake sauka. In wayoyi suna da yawa, ɗaya ta tsinke, kana iya lallaɓawa har gida. In kaɗan ne, nan take ƙafar za ta karkace.

Na huɗu, birki da giya. Wasu kekunan birkinsu roba ce mai matse gefen gargare. Wasu kuma faifai ne a tsakiyar ƙafa. Gargaren da aka yi domin faifai ba shi da wurin da roba za ta kama. Wanda ya haɗa su ya sayi haɗari da kuɗinsa. Haka kuma haƙoran giya na baya ba duka suke shiga kowace ƙafa ba. Abin da ya fi, ku kwance tsohuwar ƙafar ku tafi da ita, a gwada a gabanku.

Na biyar, taya. A yashi mai faɗi ta fi, kamar inci 2 zuwa sama, domin ba ta nutsewa. Kada a cika mata iska ta yi tauri kamar dutse. Kada kuma a bar ta laɓo-laɓo, don in ta daki dutse gargare zai ciji tiyub ya yi huda biyu. 'Yan tsere yanzu sun daina sa tiyub. Wani ruwa mai danƙo suke zubawa cikin taya, in ƙaya ta soke ta sai ruwan ya toshe hudar. Sai dai ruwan yana bushewa bayan 'yan watanni, a zafi ma ya fi sauri. Wanda ba ya samunsa a kusa, ya riƙe tiyub da kayan faci.

In ƙafar gwanjo ce, ga gwajin da ba ya cin ko kwabo. Ɗaga ta ka juya. In tana layi kamar mai maye, ta karkace. Girgiza ta hagu da dama. In tana ƙwas-ƙwas, boris ya cinye ko ya saki. Matsa wayoyin biyu-biyu, ka ji ko akwai sako-sako. Duba ramukan wayoyi ko akwai tsaga. Sa'an nan shafa gefen da birki ke ci. In ya yi kwari kamar cokali, gargaren ya kusa fashewa. Bar shi ko nawa aka rage maka, araha ba ta ado.

Bayan an saya, a kai wa mai gyara ya ɗaure wayoyin bayan mako biyu ko uku, domin sabuwar ƙafa tana saki. A sa wa boris giris kafin damina da bayanta. Waya ɗaya in ta tsinke, a canza ta a ranar, kada a jira ta ja 'yan'uwanta.

Wanda keken zuwa makaranta ko aiki yake so, ya sayi mara nauyi, zai ji daɗinta. Wanda keke ne jakinsa, ya sayi mai waya 36 da bango biyu. Mai tambaya, ga fili.